Motar da Ba Ta Tari

A Pecos, inda injinan haƙar mai
ke ɗaga kai su sunkuyar, dare da rana,
kamar jakai a bakin rijiya,
a nan na sayi mota mai cin wuta.
Shekara talatin ina jan bas ɗin 'yan makaranta,
dizal a hanci, ihun yara a ƙeya.
Na ce kafin ƙasa ta rufe mini ido
sai na ɗanɗana shiru.

Ranar da na kawo ta, Delbert bakanike ya tsallako titi,
tsumma a aljihu, tsinken sakace a baki.
Ya ce, "Maybelle, buɗe gaban mu ga inji."
Na buɗe.
Kabewa biyu, kwalin ƙwai, takalmin damina.
Ya daɗe yana kallon kabewar nan,
sannan ya cire malafa ya riƙe a ƙirji
kamar wanda ya zo ta'aziyya.

Karen Ofelia, shekara tara yana korar taya,
ba mai wuce ƙofarsu bai sha haushi ba.
Na bi ta gefen wutsiyarsa, yana minshari.
Da ya farka ya ga ƙura ba mota,
sai ya yi zuciya.
Har yau ba ma gaisawa.

Mijina Clovis, likita ya hana shi zaƙi.
Da can ƙarar salansa ce ɗan leƙen asirinsa,
tun daga kwana yake share baki.
Yanzu sai dai ya ɗago ya gan ni a kansa,
cokali a sama, kek har gemu.
Ya ce, "Wannan ba mota ba ce, munafuka ce."

Wurin caji ɗaya tal a garin nan, bayan kanti,
kullum da akori-kura ta yi ɗare-ɗare a kai,
mai ita na ciki yana zaɓen angulu da kan zabo.
Nakan zauna da zare da kwarashi.
Hula huɗu na saƙa a wannan jira.

Sai ranar kunya, a hanyar Fort Stockton,
iska na tura ni baya, lamba na zubewa:
tara, biyar, biyu.
Na kira ƙanena Hoyt, ɗan rijiyar mai,
wanda ya ce na ci amanar tukunyar da ta raine mu.
Ya iso da gudu, jan jarka a hannu.
Ya zaga motar sau uku yana neman bakinta.
Muka tsaya, ni da shi da jarka,
ba mai cewa uffan.
Ya ɗora ni a tirela ya ja har gida,
amma sai da ya bi ta gaban coci sau biyu,
yana hon.

To, duniya rawar 'yan mata.
Hunturu ya zo da ƙanƙara, wayoyi suka faɗi,
gari ya yi baƙi ƙirin.
Ashe famfon fetur ma wuta yake ci!
Ni kuwa tawa cike take tun jiya.
Na zaro doguwar waya ta taga, na dafa gahawa.
Kafin hantsi ga Delbert da bargon lantarki,
ga Ofelia da kwalbar madarar jikanta,
ga Hoyt can baya, yana kallon takalminsa,
wayarsa a mace, kofi a hannu.
Ban ce komai ba.
Na dai ajiye jarkar nan kusa da shi, ya zauna a kai.

Har yanzu nakan tsaya gidan man Lupe,
don burodinta mai kirfa da gulmar safe.
Takan leƙo ta ce, "A cika?"
In miƙa mata kofi.